Wa ya fi ɗorewa a gasar damben hannu da ƙafa ta masu nauyi?

"Koci, barka da ƙoƙari. Ni matashi ne daga Jekadafari a Gombe, ina atisayen damben hannu da ƙafa, wato kikboksin, nauyina ya kusa kilo 100. A majalisarmu kullum musu muke a kan manyan 'yan wasan ajin masu nauyi. Abokaina sun ce ba a taɓa yin kamar Badr Hari ba, ni kuma na ce Rico Verhoeven ne. Sai wani ya ce mana ai Hari bai taɓa cin babbar gasar K-1 ba ko sau ɗaya. Yaya za a yi mai ƙarfi irin wannan ya kasa? A cikinsu wa ya fi ɗorewa a gasa, kuma me zan koya daga gare su?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari kai ma. Wanda ya ce muku Badr Hari bai taɓa cin babbar gasar K-1 ba, gaskiya ya faɗa. Ya riƙe kambun K-1, wato kamfanin Japan mai shirya gasar wannan dambe, na masu kilo 100 a 2007, ya kuma kai karon ƙarshe na babbar gasar sau biyu a jere, 2008 da 2009, amma duka biyun wani ne ya ɗaga kofin yana kallo. Tambayarka, in na fahimce ta, ta taɓo abu biyu da 'yan kallo suka saba cakuɗawa. Akwai wanda ya fi kowa ban tsoro idan aka sa zare da shi sau ɗaya. Akwai kuma wanda zai buge mutum uku a dare guda, ya dawo baɗi ya sake, shekara goma bayan haka a same shi a sahun gaba. Abokanka na farkon suke yabo, kai kuma na biyun kake nema, shi ya sa musunku ba ya ƙarewa.

Yadda gasar take

Wani malamin karate na Japan, Kazuyoshi Ishii, shi ya kafa K-1 a 1993. Tsarin da ya sa ta yi suna shi ne a yi ta tace 'yan wasa har a samu takwas, sai a haɗa su dare ɗaya, wanda zai ɗauki kofi sai ya ci karo uku kafin a watse. Kowane karo turmi uku ne, minti uku-uku, in alƙalai suka ga canjaras a ƙara turmi. Ba a duka da gwiwar hannu, ba a kokawa. A karon farko da na biyu, in aka kai ka ƙasa sau biyu a turmi ɗaya an gama da kai, a karon ƙarshe kuwa sai sau uku. Kuma babu iyakar nauyi daga sama, mai kilo 95 yana iya faɗa wa mai 130. Daga 1997 zuwa 2006 a Tokyo Dome ake yin wannan dare, kuma a shekarun 2000 wanda ya ci yana tafiya da dala 400,000.

Tsakanin 1993 da 2010 an yi gasar sau 18. Ernesto Hoost ya ci huɗu, Semmy Schilt huɗu, Peter Aerts uku, Remy Bonjasky uku. Sauran huɗun kowa guda ya samu: Branko Cikatić na Kuroshiya a 1993, Andy Hug na Suwizalan a 1996, Mark Hunt na Niyu Zilan a 2001, sai Alistair Overeem a 2010. Ka lura, mutum huɗu suka kwashe kofi 14 cikin 18. Da a ce sa'a ce kaɗai ke aiki a irin wannan dare, da kofin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Bai yi ba, don haka akwai abin da waɗannan huɗun suka sani.

Ka kuma lura dukkansu daga Holan suke, har da Overeem, wato 15 cikin 18 ke nan, kuma shi kansa Cikatić a Amsterdam ya yi atisaye a hannun Thom Harinck. Gidajen atisaye irin su Chakuriki na Harinck, da Mejiro na Jan Plas, da gidan Johan Vos inda Hoost ya gogu, sun gina salon da ke jera naushi biyu ko uku sannan a rufe da shurin cinya. Kuma a ƙasa ƙarama irin wannan, ƙato yana samun ƙattai 'yan'uwansa da zai gwada ƙwanji da su kowane mako. Ka riƙe wannan maganar, zan dawo kanta idan na zo kanka.

Abin da karon farko ke ci

A damben gargajiyarmu ana iya jan gasa kwanaki, ɗan dambe ya yi kisa yau, ya je ya kwana, a gasa masa hannu, gobe ko jibi ya dawo. A nan babu wannan. Abin da ka ɓata a karon farko, da shi za ka shiga na biyu. Kamar direban da zai tashi daga Bauchi zuwa Maiduguri da tanki ɗaya ne, ba gidan mai a hanya: in ya ƙure mota tun kafin Darazo, ba zai ga Damaturu ba.

Na sha tsayawa a kusurwar yara a gasannin da ake karo fiye da ɗaya a yini, kuma abin da ke faruwa a bayan fage iri ɗaya ne ko da yaushe. Yaro zai sauko yana murna, ya ci da maki, ya yi ta zuba shurin cinya, wasu sun sami nama, wasu sun sauka a gwiwar abokin karawarsa. A lokacin ba ya jin komai, jini na tafasa. Sai ya zauna a benci, a kwance masa safar dambe, ya kurɓi ruwa. Kafin a kira karo biyu masu zuwa ƙwaurin ya tashi, fatar ta yi sheƙi, in ka danna da yatsa sai ya janye ƙafar. A aika a sayo ƙanƙarar fiya wata, a ɗaure da bandeji, a ce ya tashi ya taka, ya taka yana cije baki. Wanda zai kara da shi kuma yana can gefe yana kallon yadda yake ɗingishi, kocinsa na raɗa masa a kunne. Wannan yaron ya ci karon farko, amma gasar ta riga ta kuɓuce masa tun a can.

To ka ninka wannan da nauyin mutanen da ke kai kilo 110 zuwa 130. A 2001 Hoost ya ci Stefan Leko a karon farko, amma rauni ya hana shi ci gaba, Leko da aka ci shi ya wuce. A 2005 Aerts ya ci Jérôme Le Banner, ya sauko da rauni a haƙarƙari, sai ɗan ko-ta-kwana Glaube Feitosa na Birazil ya maye gurbinsa har ya kai karon ƙarshe. A 2006 Bonjasky ya ci Leko, amma shurin da ya sha a maraina ya fitar da shi. Shi ya sa a wurina ma'aunin ɗan gasa shi ne nawa ya biya kafin ya ci. Mai cin karo da arha, ko dai ta gamawa da wuri ko ta hana a taɓa shi, shi ne ke zuwa karon ƙarshe da ƙafafu biyu.

Akwai kuma jadawali. A K-1 'yan wasan kan ja ƙuri'a, wanda lambarsa ta zo da wuri ya zaɓi gurbin da yake so, na baya ya zaɓi ko ya faɗa kusa da wane ko ya kauce masa. Wanda ke ɓangaren farko na jadawalin ya fi samun hutu kafin karon ƙarshe. Mintoci ne kaɗan, amma ga wanda cinyarsa ke kumbura ba ƙaramin abu ba ne.

Hoost da daren 2002

Ban ce sa'a ba ta da rabo ba, kuma babu daren da ya nuna haka kamar na Disamba 2002. Hoost yana da shekara 37, ya riga ya ci kofi uku, a 1997, 1999 da 2000. A watan Oktoba Bob Sapp, wani Ba'amurke tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, mai nauyin fiye da kilo 150 wanda bai iya damben kirki ba, ya fitar da shi a wasan tacewa. Hoost ya samu shiga cikin takwas ɗin ne saboda Schilt ya ji rauni. Aka sake haɗa shi da Sapp. A turmin farko ya kai Sapp ƙasa da naushin ciki, amma a na biyu Sapp ya matse shi a kusurwa yana ta ɗirka masa hannu har alƙalin wasa ya tsayar. Sau biyu ke nan mutum ɗaya ya cinye shi cikin wata biyu. Sai ga shi Sapp ya ji ciwo a hannu, ba zai iya ci gaba ba, aka dawo da Hoost. A karon kusa da na ƙarshe Ray Sefo ya kai shuri, Hoost ya tare da ƙafa, Sefo ya faɗi da rauni tun a turmin farko. A karon ƙarshe ya haɗu da Le Banner, ya yi ta auna hannun hagunsa da shuri har ƙashin ya karye a turmi na uku.

Masu sukar Hoost sukan ce kofin nan tsintuwa ce. Na yarda an buɗe masa ƙofa har sau biyu. Amma ka tambayi kanka mutum nawa ne za a yi wa irin dukan da Sapp ya yi masa, a ce musu bayan ɗan lokaci ku koma fage, su koma da hankalinsu a jikinsu, su tare shuri daidai inda ya kamata, su gano hannun da ya fara sanyi su nace masa. Ba a banza aka yi masa laƙabi da gwanin da ba shi da makusa ba. Shurin cinyarsa ba ya fita shi kaɗai, kullum yana biye da naushi, lokacin da nauyin abokin karawa ya sauka a ƙafar gaba ba zai iya ɗaga ta ya tare ba. Shi ya sa ƙwaurinsa ke samun nama maimakon ƙashi. Ya kai karon ƙarshe sau biyar, na farko a 1993, kuma bai bar gasar ba sai 2006 yana da shekara 41, inda ya kai karon kusa da na ƙarshe. In kana neman wanda za ka kwaikwayi aikinsa, shi ne.

Schilt

In kuwa aka ce in zaɓi mutum ɗaya da zai wakilce mu a dare ɗaya mai karo uku, Schilt zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Tsawonsa mita 2.12, nauyinsa wajen kilo 130, ya fito daga karate. 'Yan kallo ba su so shi ba, sun ce wasansa ba daɗi, kuma na san a majalisarku ma ba wanda zai ambace shi. Makamansa uku ne: zungurar hagu madaidaiciya, tokarin ƙafa a ciki, sai gwiwa in ka kutso. Duka ukun suna aiki ne daga nesa ko suna hukunta mai neman matsowa, kuma ba su cin ƙwauri kamar shurin cinya. Wannan shi ne cin karo da arha da nake faɗa.

Ya ci 2005, 2006 da 2007 a jere, abin da ba wanda ya taɓa yi a K-1. A 2006 ɗin ma Aerts ya ci shi a watan Maris, Choi Hong-man na Koriya ta Kudu ya ci shi a watan Yuni, amma da Disamba ta zo ya bi ta kan Le Banner, Hoost da Aerts, kowanne da maki, turmi tara cur. A 2009 ya nuna ɗaya fuskar: Le Banner, Bonjasky da Hari, duka a turmin farko, jimillar lokacin bai kai minti shida ba, kuma a tsakiyar haka Bonjasky ya kai shi ƙasa ya tashi. Bayan K-1 ta durƙushe saboda matsalar kuɗi, sai ya je Saitama ta Japan a daren ƙarshe na 2012 ya ci gasar mutum 16 ta Glory, kamfanin shirya gasa da ya biyo bayan K-1, karo huɗu a dare guda, yana da shekara 39. Cikin waɗanda ya ci a daren har da wani matashi mai suna Rico Verhoeven. Ciwon zuciya ne ya sa ya ajiye wasa a 2013.

Za a ce ai tsawo ne. Tsawo ya taimaka, amma Choi ya fi shi tsawo kuma bai taɓa kai karon ƙarshe ba. Abin da Schilt ke da shi shi ne ladabin tsayawa a kan abin da ke aiki ko da filin duka na yi masa ihu.

Aerts, wanda nake ba wa amsar tambayarka

Ka tambayi ɗorewa, kuma a nan ra'ayina ya rabu da na masu ƙirga kofi. Peter Aerts ya ci 1994 yana da shekara 23, ya sake ci a 1995, sannan a 1998 ya gama da Masaaki Satake, Mike Bernardo da Andy Hug duka a turmin farko, cikin minti 6 da daƙiƙa 43. Shurinsa na wuya shi ne abin tsoro a zamanin. Daga nan kofi ya ƙaurace masa. Le Banner ya buge shi a 1999, raunuka suka biyo baya shekara bayan shekara. Da wani ne da ya koma gefe ana tuna shi da alheri.

Shi kuwa bai taɓa fashin shiga cikin gasar ba tun daga 1993 har 2008. Kuma ya sauya salo. Da ƙafa ta rage sauri, sai ya koma matsi, ya shige jikin mutum da naushi da shurin cinya, ba ya barin ka numfasa. Da wannan ya dawo karon ƙarshe a 2006, inda ya shigo a matsayin ɗan ko-ta-kwana, ya sake dawowa a 2007, inda gwiwarsa ta ci amanarsa a gaban Schilt. A 2008 shi ya hana Schilt shiga cikin takwas ɗin ma gaba ɗaya, da ya ci shi a Seoul. A 2010, yana da shekara 40, ya sake cin Schilt a karon kusa da na ƙarshe, a wasan da har yau in na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Ya zuba duk abin da yake da shi a turmi ukun nan, ya isa gaban Overeem ba sauran komai, aka gama da shi a turmin farko. Karon ƙarshe shida ke nan, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 16. Ya kara da tsara uku na 'yan wasa, kuma kowace tsara sai da ta yi da gaske kafin ta wuce shi. Wannan nake kira ɗorewa, don ba jikinsa ne ya ƙi tsufa ba, shi ne ya yarda ya sake koyon dambe a lokacin da tsaransa ke ritaya.

Bonjasky, ɗan Holan haifaffen Surinam, ya cancanci a ambace shi: 2003, 2004 da 2008. An fi tuna shi da gwiwar da yake tashi sama da ita, amma abin da ya ci masa kofuna shi ne garkuwarsa, hannaye biyu manne da kai, ba ka samun ƙofa. Hug kuma, duk da bai wuce mita 1.80 ba, ya kai karon ƙarshe sau uku a jere daga 1996 zuwa 1998, kafin sankarar jini ta ɗauke shi a 2000 yana da shekara 35.

Dalilin da ya sa Hari da Le Banner suka rasa

Su biyun nan suna da abin da ɗan kallo ke biyan kuɗi ya gani, wato su kashe ko a kashe su. Le Banner na Faransa, bahago mai hannu kamar guduma, ya kai karon ƙarshe a 1995 da 2002, ya buge manya da yawa a karo ɗai-ɗai, amma salonsa na musayar wuta yana sa shi biyan tsada a kowane mataki. A 2001 ana ganin shi zai ci, Mark Hunt ya kwantar da shi a karon farko.

Na Hari ya ɗan bambanta. A 2008 ya ci Aerts, ya ci Errol Zimmerman bayan shi ma an kai shi ƙasa, ya haɗu da Bonjasky. Bonjasky ya kai shi ƙasa a turmin farko. A na biyu Bonjasky ya faɗi, Hari ya bi shi da naushi yana kwance, ya kuma taka masa kai, aka kore shi daga wasan. Ba ƙarfi ya rasa ba a daren nan, zuciya ce ta ɗebe shi. A watan Mayun 2009 ya buge Schilt a Amsterdam cikin ƙasa da minti ɗaya, wanda ke nuna maka abin da yake iyawa in karo ɗaya ne. A Disamba suka sake haɗuwa a karon ƙarshe, Hari ya zo da irin gaggawar da ta yi masa aiki a baya, Schilt ya tare shi da zungurar hagu, ya kai shi ƙasa sau uku. A 2010 aka sake korarsa saboda shurin Hesdy Gerges yana ƙasa. Abokanka ba su yi kuskure ba da suka ce yana da ban tsoro. Amma gasa tana tambayar mutum abu ɗaya sau uku a dare: in abu ya ɓaci, za ka iya riƙe kanka? Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Shi kuma Rico fa?

Rico Verhoeven ya ɗauki kambun Glory a 2014 ya riƙe shi sama da shekara goma, kuma a gasa ma ba baya ba ne: ya ci ta mutum huɗu a Chicago a 2013 inda ya doke Gökhan Saki da Daniel Ghiță, ya ci wata a 2021, sannan a Maris 2024 a Arnhem ya ci ta mutum takwas, inda Levi Rigters ya kai shi ƙasa a karon ƙarshe ya tashi ya gama da shi. Ya ci Hari sau biyu, 2016 da 2019, duka biyun rauni ne ya tsayar da Hari, kuma a na biyun sai da Hari ya kai shi ƙasa sau biyu. A Nuwamba 2023 ya ci Tariq Osaro, ɗan asalin Najeriya da ke riƙe da kambun wucin gadi, da maki. Numfashinsa da natsuwarsa irin na su Hoost ne, don haka zaɓinka ba na banza ba ne.

Sai dai ɗorewarsa ta mai kare kambu ce: karo ɗaya mai turmi biyar, da watanni na shiri a kan mutum guda. Su Aerts kowace Disamba sai sun ratsa mutum uku da kowannensu zai iya zama zakara. A nan iyakar hukuncina take. Ba wanda zai iya tabbatar maka abin da zai faru da an jefa Rico cikin takwas ɗin 1998, ko an kawo Hoost zamanin Glory, duk wanda ya rantse maka a kan haka son rai yake faɗa. Kuma ni a kusurwar yara masu matsakaicin nauyi na fi tsayawa, a gasanninmu na gida, manyan nan a bidiyo na nazarce su, ina tsayarwa ina mayarwa.

Abin da ya shafe ka

Babbar matsalarka a Gombe, kamar yadda take a nan Bauchi, ita ce abokin gwaji. Mai kilo 100 da ke atisaye da masu kilo 70 yana saba wa ture mutane da jiki, hannunsa na sauka ƙasa don ba wanda ke hukunta shi, ranar da ya haɗu da tsaransa sai ya sha mamaki. Ka nemi ƙattai ko da daga damben zamani ne ko 'yan judo, ku riƙa haɗuwa, in ta kama ka shigo mota ka zo Bauchi ƙarshen mako. Gwajin kuma ya zama na koyo, da robar baki da abin kare ƙwauri, ban yarda da a riƙa fasa kai a ɗakin atisaye ba.

Gasannin da za ka fara shiga, irin na gasar wasanni ta ƙasa, na waɗanda ba su zama ƙwararru ba ne, ana sa kariya, turmin ya fi gajarta, kuma yawanci ana raba karon a kan kwanaki. Duk da haka lissafin bai sauya ba. Abin da nake sa yarana su yi shi ne turmi uku masu zafi a kan fad, wato matashin da koci ke riƙewa a yi ta duka, a huta kamar rabin awa har jiki ya huce, a sake ɗumama jiki a koma, sau uku. Wahalar tana cikin komawar, kuma gara ka san ta tun a gida. Ka koyi tare shuri da ƙwauri har ya zama ba sai ka yi tunani ba, kar ka saki shurin cinya tsirara ba naushi a gabansa, kuma ka ba zungurar hagu lokacin da kake ba buhu. Gudu da sassafe kafin rana ta buɗe ba ya da madadi ga mai nauyinka, zagayen filin wasa na Pantami ya ishe ka.

Abu biyu kuma ba na sassauci a kansu. Na farko allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da ake tallata wa matasa a gidajen ɗaga ƙarfe. Overeem ya faɗi gwaji a Amurka a 2012, Hari da Gerges duka sun faɗi bayan karonsu na 2018 har aka soke sakamakon, kuma su suna da likitoci a kansu, kai ba ka da su. Na biyu, in aka buge ka a kai har ka ga duhu, ko ka sauko kana jin jiri, ko amai, ko ba ka tuna yadda turmin ya ƙare ba, ba ka komawa fage a ranar, ko da an ce wanda ya ci ka ya janye. Abin da Hoost ya yi a 2002 ya yi shi ne da likitocin gasa a kansa da shekaru kusan ashirin na gogewa. Kai asibiti za ka nufa, kuma likita ne zai faɗi ranar da za ka koma gwaji, ba kocinka ba, ba kuma abokan majalisa ba.